Ku Tambayi Inna: Ina Albarkar da Aka Ce Allah Na Yi wa Masu Binsa?

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duka kan albarka suka zo. Ina jin kaka ce ta jawo, kowa na leƙen rumbun maƙwabci yana ƙirga dammunan da suka shiga. Biyar na ɗauka. Suna kuwa ba na sawa, kun san mu masu bin Almasihu a Damagaram ba mu da yawa, abu kaɗan za a faɗa a gane mutum. Ga waɗanda yau suka fara karanta shafin nan: ni ba fasto ba ce. Ungozoma ce da ta aje aiki, tsohuwa a zumuntar mata. Duk ayar da na ambata ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku duba da idonku, kada ku ce Inna ta faɗa shi ke nan.

Daga wani ɗan kabu-kabu, Damagaram:

Inna, barka da aiki. Ba na fashin sujada, ina fitar da zakkata, ba na ƙara wa baƙo kuɗi don bai san gari ba. Amma har yau babur ɗin da nake ja ba nawa ba ne, kullum da yamma sai na kai wa mai shi kuɗin yini. Wani da muka taso tare, kowa ya san gaurayen mai yake sayarwa a kwalba, yanzu ya gina gida har ya sai mota. Ina albarkar da aka ce Allah na yi wa masu binsa? Ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Amsa:

Ɗana, sannu da rana, sannu da ƙura. Tambayarka ta girme ka, ni ma ta girme ni. Buɗe Zabura 73. Asaf, ɗaya daga cikin shugabannin mawaƙa a zamanin Sarki Dawuda, mutumin da kullum yake gaban jama'a yana jan waƙar yabo, ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame, don ya ga mugaye sun yi ɓul-ɓul, ba ciwo ba damuwa, dukiyarsu sai ƙaruwa. Har ya kai ga cewa ashe a banza ya tsare zuciyarsa. Ba a goge maganar ba, an bar ta cikin Littafi muna karantawa. Saboda haka ban ce ka yi saɓo ba.

Sai dai akwai lissafin da ke kwance a ƙarƙashin wasiƙarka. Ka jera sujada, zakka da gaskiya, sannan ka miƙa hannu kana jiran a biya ka. Littafi bai fara daga nan ba. A Farawa 1:28 Allah ya sa wa mutum albarka tun ranar da ya halicce shi, bai riga ya yi noma ba, bai yi addu'a ba, bai ba da baiko ba. Da Musa ke yi wa Isra'ilawa jawabin ban kwana, ƙiri-ƙiri ya gaya musu cewa ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta cikin al'ummai (Maimaitawar Shari'a 7:7-8), ba kuma don adalcinsu aka ba su ƙasar ba, gama mutane ne masu taurin kai (9:6). Ubangiji ya ƙaunace su ne, ya kuma riƙe alkawarin da ya yi wa kakanninsu. Dalilin albarka yana wajen mai bayarwa. Allah na yin alheri don shi mai alheri ne, ceton kansa ma manzo Bulus ya ce kyauta ce, don kada kowa ya yi fariya (Afisawa 2:8-9).

Na san wani zai ce, to Inna, Maimaitawar Shari'a 28 fa, inda aka yi wa masu biyayya alkawarin albarka a gona da garke da kwando? Tana nan. Amma alkawari ne da aka ƙulla da al'umma guda kan zamanta a ƙasa guda. Littafin da ya ƙunshi wannan sura kuwa shi ya ƙunshi Ayuba: tumaki 7,000, raƙuma 3,000, ƴaƴa 10, duka suka salwanta, alhali Allah da kansa ya shaida babu kamarsa a duniya wajen tsoron Allah. Abokansa uku suka yi irin lissafinka ta baya, suka ce tun da ka wahala lalle ka yi laifi. A sura ta 42 su ne Allah ya husata da su, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Abin da aka tabbatar wa kowane mai bi yana cikin Afisawa 1:3-14: gafarar zunubi, zama ɗa a gidan Allah, Ruhu Mai Tsarki, da gādon da ke jiransa. Na san wannan ba zai cika tankin babur ba. Kada kuma kowa ya ce maka Allah bai damu da cikinka ba, tun da Yesu ya sa abincin yini cikin addu'ar da ya koya mana (Matiyu 6:11). Abincin yini fa ya ce, bai ce bene ba. Agur ma a Karin Magana 30:8-9 roƙo ya yi kada a ba shi talauci, kada a ba shi wadata, don kada ya ƙoshi ya manta da Ubangiji ko ya rasa ya yi sata.

A iya abin da idona ya gani, albarkar cikin gida galibi ta hannun mutane take shigowa. Gaskiyar nan da kake ganin ba ta biya ka ba, ita ce jarinka. Iyaye mata nawa ke neman wanda za su damƙa wa yara ya kai su lakwal ya ɗauko, hankalinsu kwance? Tsofaffi irina nawa ke neman wanda zai kai su asibiti ba gudu ba ƙarin kuɗi? Ka nemi irin waɗannan a yi da wata. Ka shiga adashe da mutanen da ka yarda da su, ka sa wa kanka lokacin da za ka sai naka babur ko na hannu ne. Ka gaya wa dattawan ikilisiya burinka, rufe baki ba ya kawo taimako.

Abokinka kuwa ka bar ƙirga masa. Ba zan ce maka gobe zai faɗi don in faranta maka ba, wasu haka suke tsufa da kuɗinsu. Asaf bai sami sauƙi ba sai da ya shiga wuri mai tsarki ya ga cewa shari'a ba a nan take ƙarewa ba.

Daga wata ƴar'uwa, yankin Magarya:

Inna, ina gaishe ki da girmamawa. Shekara 6 da aurena ko ɓari ban taɓa yi ba. Dangin mijina sun fara magana, har an ce gidanmu akwai la'ana. Wani mai wa'azi da nake kallo a talabijin, nake kuma samun saƙonsa ta WhatsApp, ya ce duk mai neman haihuwa ta shuka iri na jika 50, cikin wata 9 za ta goya. Sau biyu na aika, awakina na sayar. Yanzu sun ce bangaskiyata ce ta kasa, in ƙara. In sayar da keken ɗinkina?

Amsa:

Ƴata, kada ki sayar da keken nan. Ko dala kada ki ƙara aikawa.

Koyarwar shuka iri ba daga manzanni ta taso ba. Wani mai wa'azi ɗan Amurka, Oral Roberts, shi ya yaɗa ta wajen 1970, ta bazu a Najeriya, yanzu ga ta har ɗakinki ta waya. Ki lura da yadda aka tsara ta. In kin samu ciki, ikon mai wa'azi ne. In ba ki samu ba, laifinki ne, ki ƙara kuɗi. Shi ba ya taɓa faɗuwa. Ayar da suke jingina da ita, 2 Korantiyawa 9:6, inda aka ce mai shuka da yawa zai girbe da yawa, ki karanta surori na 8 da 9 gaba ɗaya ki gani: gudummawa ce Bulus ke tarawa don talakawan masu bi na Urushalima. Daga masu ɗan hali kuɗin ya tafi ga marasa hali. Naki daga mai awaki ya tafi ga mai talabijin. A aya ta 7 ma cewa ya yi kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba da tilas ba.

Sau biyu a Littafi aka kawo dukiya gaban ikon Allah ina tunawa da abin da ya biyo baya. Na'aman, shugaban sojan Suriya, ya warke daga kuturta ya kawo wa Elisha kyauta, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Baransa Gehazi ya bi shi a ɓoye ya karɓa, kuturtar ta koma kansa (2 Sarakuna 5). A Samariya kuma Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi ikon ɗora hannu, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa, tun da ya zaci baiwar Allah abin saye ce (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Baiko abu ne mai kyau, ni ma ina bayarwa, amma godiya ce. Ba kuɗin haihuwa ba ne.

Batun la'ana kuwa, ki kai wa masu faɗa Luka 1:6-7. Zakariya da Alisabatu, an ce dukansu masu adalci ne a gaban Allah, ba abin zargi a kansu, aya ta gaba kuma ta ce ba su da ɗa har sun tsufa. Rifkatu shekara 20 ta yi a ɗakin Ishaku kafin ta haifi tagwaye. Saratu sai da ta kai shekara 90 a duniya. Hannatu kishiyarta Feninna ta riƙa tsokanarta har ta kasa cin abinci. Ba wadda aka ce wa ta biya. Hannatu ta yi wa'adi, gaskiya ne, amma ɗan da kansa ta ce za ta mayar wa Ubangiji, Eli firist kuwa bai karɓi komai a hannunta ba, ya sallame ta da salama. In ma akwai wata la'ana a zuriyarku, Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya riga ya fanshe mu.

Yanzu bari ungozoma ta yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya kan gamu da matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ƙasarmu da mace guda kan haifi 6 ko 7, wadda ba ta haihu ba gani take ita kaɗai ce. Ba ke kaɗai ba ce. A ƙa'idar aikinmu, ma'aurata suka shekara guda tare ba ciki, lokacin bincike ya yi. Ku kun yi 6. Abubuwan da na fi gani: ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba ya toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ƙari a mahaifa, al'ada da ba ta zuwa a kan kari. Tsargiya ma, wadda yara ke kwasowa a wankan tabki, takan taɓa mahaifa bayan shekaru. Da yawa cikin waɗannan suna da magani. Ki kuma daina duk wani matsi ko saiwa da aka ba ki ki cusa, ɓarnarsu ta fi gyaransu.

Abin da dangin miji ba sa son ji shi ne, sau da yawa matsalar daga wajen namiji take. Hangum da ya kama shi bayan ya balaga, ko ciwon sanyi, na iya rage masa ƙwayoyin haihuwa alhali ƙarfinsa na nan daram. Gwajin maniyyi ya fi duk gwajin da za a yi miki sauƙi, shi ya kamata a fara yi. Na ga matan da aka sha wa magani iri-iri shekara da shekaru, mijin ko sau ɗaya bai taka asibiti ba. Ku zo tare. Jika 100 ɗin nan da suka tafi, da sun kawo ku Damagaram sun fara biyan gwaje-gwaje. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne, Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne (Kolosiyawa 4:14).

Ba zan yi miki alkawarin wata 9 ba, wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun mutumin talabijin yake ba. Akwai wata a zumuntarmu da ba ta taɓa haihuwa ba, ta rasu da tsufa. Ranar jana'izarta manyan mutane, maza da mata, suka riƙa tashi suna cewa a ɗakinta suka girma. Na tuna da Ishaya 56:3-5, inda Allah ya yi wa waɗanda ba za su haihu ba alkawarin suna da ya fi na ƴaƴa. Ban faɗi wannan don ki yanke ƙauna ba. Na faɗa ne don kada kowa ya ce miki ba ki cikin masu albarka sai ranar da kika goya.

Ga maigidanki kuma, in zai karanta: ɗana, Ishaku shi ya roƙa wa matarsa (Farawa 25:21), bai bar ta da danginsa suna yi da ita ba. Kai za ka tsawata wa naka.

Daga wata ɗaliba:

Inna, bana zan rubuta jarrabawar bak. Ƙawata ta ce in na yi azumin kwana 7 na shafa wa bik ɗina na rubutu man addu'a, ba sai na wahalar da kaina da karatu ba.

Amsa:

Jikata, bik ɗin da aka shafa wa mai santsi kawai zai yi a hannu. Daniyel da abokansa uku, Littafi ya ce Allah ne ya ba su ilimi da ganewa, amma shekara 3 suka yi ana koya musu harshe da littattafan Babila kafin su tsaya gaban sarki (Daniyel 1). Maganar nan da muke yi, Allah ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce, amma Karin Magana 10:4 ta kusa da ita. Ki roƙi hikima, Yakubu 1:5 ya ce ana bayarwa ba gori. Ki roƙi natsuwa da lafiya. Sannan ki nemi tsofaffin tambayoyin shekarun baya ki yi ta yi. Azumin kwana 7 gab da jarrabawa a zafin garin nan kuwa, a'a. Ki ci abinci, ki sha ruwa, ki yi barci.

Daga wani Alhaji, Kasuwar Dole:

Malama, ni Musulmi ne. Jikata ce ke karanta mini shafinki, ke kika karɓi haihuwar uwarta. Na ji wani Kirista na cewa albarkar Allah tasu ce su kaɗai. Haka addininku ya ce? In haka ne, ruwan da ya sauka a gonata a Mirya na wane ne?

Amsa:

Alhaji, ina gaishe ku, ina gaida iyali, a shafa mini kan jikar nan. Ruwan gonarku na Allah ne, ku kuma ya ba. Wanda ya faɗi waccan magana bai karanta Matiyu 5:45 ba, inda Yesu ya ce Uba na fito da ranarsa ga kowa, yana sauko da ruwa ga kowa. Bulus ma da ya tsaya gaban mutanen Listira, waɗanda ko labarin Musa ba su sani ba, ya ce musu Allah ne ke ba su ruwan sama da damina mai albarka, yana ƙosar da su da abinci da farin ciki (Ayyukan Manzanni 14:17). Rai, lafiya, haihuwa, kasuwa, duka a faɗe suke ga bayinsa.

Ba zan ɓoye muku inda muka rabu ba, kun fi ƙarfin a yi muku daɗin baki. Mu mun gaskata cewa gafarar zunubi da rai madawwami ta wurin Yesu Almasihu suke, ita ce albarkar da muke cewa ta masu bi. Ku ba haka kuka gaskata ba. Mun daɗe da sanin wannan, bai hana ku aiko mana da naman layya ba, bai hana mu kai muku abincin Kirsimeti ba. Wannan ma ba abin ɗaga kai ba ne a gare mu, tun da kyauta muka ce muka samu.

Ibrahim, wanda mu da ku duka muke girmamawa, yana da shekara 75 Allah ya kira shi ya ce zai sa masa albarka, ya kuma ce shi kansa zai zama albarka, ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka (Farawa 12:2-3). Kun san halin garinmu da ruwa. Gidan da ke da famfo, in ruwa ya zo da tsakar dare, kafin asuba jarkokin unguwa sun jeru a ƙofa. Mai gidan da ya kulle ƙofarsa ya ce famfonsa ne, bai yi ƙarya ba, amma kowa ya san irinsa. Haka muke ɗaukar duk abin da Allah ya ba mai bi. Yusufu bawa ne a gidan Fotifar, amma Littafi ya ce saboda shi Ubangiji ya sa wa gidan Bamasaren albarka (Farawa 39:5), daga baya hatsin da ya tara ya ceci Masar da maƙwabtanta. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila kuwa, Irmiya ya rubuta musu su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a (Irmiya 29:7).

A nan Damagaram ƴan mishan na SIM suka fara aiki a Nijar a 1924, shekara 2 kafin a mayar da babban birni Yamai. Asibitin Galmi da suka buɗe a 1950, mafi yawan waɗanda ke kwanciya a gadajensa Musulmi ne, haka ya kamata. Ni ma a ɗakin haihuwa ban taɓa tambayar mai naƙuda addininta ba, ba ta da lokacin amsawa ma. In kun sake haɗuwa da mutumin nan, ku tambaye shi cikin raha maƙwabcinsa nawa suka ci moriyar albarkar tasa.

Daga wani saurayi, Damagaram:

Inna, ina da shekara 11 ranar da aka ƙona majami'armu a 2015. Shagon babana ma ya tafi, bai sake miƙewa ba har ya rasu. Duk lokacin da fasto ya ɗaga hannu a ƙarshen sujada yana sa albarka, ɗaci nake ji. Ina albarkar take ranar nan?

Amsa:

Ɗana, Allah ya ba ku haƙurin rashin mahaifinka. Wasiƙarka na aje ta ƙarshe don ita ta fi nauyi.

Ina garin ranar. Juma'a ce, 16 ga Janairu 2015. Zanga-zanga kan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, abin da babu ruwanmu da shi, ta juya kan majami'u da shaguna da gidajen Kirista. Washegari ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu. Wasu daga cikinmu a barikin soja suka kwana. Ni da jikokina maƙwabciyata Musulma ce ta ja mu ƙuryar ɗakinta, mijinta ya shimfiɗa tabarma a bakin zaure ya zauna da carbinsa har dare. Na ɗauki wannan albarka ce. Amma ba zan ce maka ta biya shagon babanka ba, ba ta biya ba.

Akwai abin da Littafi bai ɓoye ba ko da masu wa'azi sun ɓoye. A Ayyukan Manzanni 12, sura guda, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, mala'ika kuma ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Dukansu manzanni ne, ba a ce ɗaya ya fi ɗaya bangaskiya ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda suka tsere wa takobi, ta lissafa waɗanda takobi ya ci, ta ce duka an yi musu kyakkyawar shaida. Masu karɓar wasiƙar ma an washe musu dukiya (10:34). Bulus sau 5 aka yi masa bulala 39, sau 3 jirgi ya fashe da shi, sau 3 kuma ya roƙi a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa aka ce a'a, alherina ya ishe ka. Yesu ya kira waɗanda ake tsananta wa saboda adalci masu albarka (Matiyu 5:10), shi kansa a kan gicciye ya bi hanyar. Abin da aka yi mana alkawari shi ne cewa ƙunci ko tsanani ko takobi ba za su raba mu da ƙaunar Almasihu ba (Romawa 8:35-39). Ba a ce ba za su zo ba.

Albarkar nan da fasto ke faɗa a ƙarshen sujada, in ta Littafin Ƙidaya 6:24-26 ce, a jeji aka fara faɗar ta, ga mutanen da ke kwana a alfarwa, waɗanda manyansu kusan duka a jejin suka mutu. Ubangiji ya kiyaye ka, ya haskaka fuskarsa a kanka, ya ba ka salama. Ba shago a ciki. Wataƙila in ka saurare ta da wannan a ranka, za ka ji ba da ba'a ake yi maka ba.

Ɗacin kuma kada ka haɗiye shi don kunyar mutane. Zabura 88 addu'a ce da ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko kalmar yabo guda a ƙarshenta, kuma tana cikin Littafi. Duk wanda ya jefe ka da Romawa 8:28, inda aka ce kome na aiki tare don alherin masu ƙaunar Allah, don ya rufe maka baki, ka ce masa Inna ta ce ya jira. Gafara ma, na ji shugabanninmu sun furta ta tun toka ba ta huce ba, na kuma yarda da su, amma ta zuciyar yaro ɗan shekara 11 da nata lokacin take zuwa.

Abu ɗaya nake so ka bincika. An sake gina majami'u, amma ba kowane shago aka tayar ba. Yakubu 2:15-16 ta ce wanda ya ce wa mayunwaci ya sauka lafiya ya ƙoshi, bai ba shi komai ba, bai yi komai ba. In ikilisiya ba ta tsaya wa babanka ba, haƙƙi na wuyanta, kana da ikon faɗa wa dattawa a gabansu. Ka rubuto mini halin da mahaifiyarka da ƙannenka ke ciki, da abin da kai kake yi yanzu. Zumuntar mata na da ɗan asusun gwauraye, ni zan kai maganar.

Ga baiwar Allah da ta rubuto daga Tanut kan mafarkin da ke damunta tun da ta samu ciki: amsarki sai wata mai zuwa. Amma kumburin fuska da hannu da ciwon kan da kika ambata a ƙasan wasiƙar ba su jiran wata. Yau ɗin nan ki je a auna miki hawan jini da fitsari.